Babi na Bakwai: Ina Za Mu Je Kallo a Daren Nan?

Ina za mu je kallo? Ana yin wannan tambaya a Kano fiye da yadda mutum zai zata. Ango na yi wa amaryarsa ita a makonnin farko na aure. Uba na yi wa kansa ita ranar uku ga salla, bayan yara sun je gidan zu sun dawo, sun kalli hawa, sun kuma fara cika gida da hayaniya. Amsar da aka fi samu ita ce a haƙura a zauna a gida, kowa ya kama wayarsa. Wannan kuwa a garin da ake shirya mafi yawan finafinan Hausa, garin da ake jin muryar 'yan wasansa daga Maraɗi har Kumasi.

Wata tambayar takan biyo baya, musamman daga matasan da suka taɓa gani a finafinan Amurka: an jera motoci a wani makeken fili da dare, ga allo ƙato a gabansu, kowa na zaune cikin motarsa da iyalinsa yana kallo. Sai su ce, mu me zai hana mu yi haka? Ga filaye nan a Bompai da Sharaɗa, an kewaye su da katanga, kamfanonin da ke ciki sun daɗe da rufewa.

Tambayar tana da kyau, amma ba za ta amsu ba sai mun san yadda waccan silima ta samo asali, da yadda tamu ta rayu, da abin da ya kashe ta.

Silimar da ake shiga da mota

Wani mai sayar da kayan mota ne ya fara ta, sunansa Richard Hollingshead, a jihar New Jersey ta Amurka. A ƙofar gidansa ya yi gwajin farko. Ya ɗaure farin ƙyalle tsakanin bishiyoyi, ya ɗora na'urar haska fim a kan murfin injin motarsa, ya ajiye rediyo a bayan ƙyallen. Matsalar da ta fi ba shi wahala ita ce yadda motar gaba ba za ta tare wa ta baya ba. Ya yi ta jera motoci yana sa wa ƙafafunsu na gaba matashi, har ya gano tazara da tudun da ya dace. Ranar 6 ga Yuni, 1933, ya buɗe wurinsa a gefen garin Camden, mai ɗaukar mota wajen 400. Ana biyan santi 25 kuɗin mota, kowane mutum kuma santi 25.

Abin da ya tallata shi ne a zo da iyali duka. Mai jariri ta zo da abinta, in ya yi kuka ba wanda zai harare ta. Tsoho da ba ya iya hawa bene ya zo, ba sai ya fito daga mota ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yi yawa a hannun ma'aikata, haihuwa ta ƙaru, mutane suka yi ta komawa sababbin unguwanni a bayan gari inda fili ke da araha. Zuwa 1958 irin waɗannan wurare sun haura 4,000 a Amurka. Da farko manyan lasifikoki ake kafawa kusa da allo, na baya ba ya ji sosai, maƙwabta kuma na ƙorafi. Daga baya aka koma ƙaramar lasifika da mai kallo ke ratayewa a gilashin motarsa, a ƙarshe aka koma aika sautin ta zangon FM, kowa ya kama a rediyon motarsa.

Yau ba su fi wajen 300 da suka rage ba. Gari ya ci gaba da faɗaɗa har ya cimma filayen, kuɗin fili ya tashi, mai wuri ya ga sayarwa a gina kantuna ta fi masa riba. Talabijin mai launi da bidiyo suka shiga gidaje. Kuma ko a lokacin da abin ke tashe, sana'ar rabin shekara ce a arewacin ƙasar, domin sanyi da ƙanƙara na rufe wurin, a lokacin zafi kuwa duhu ba ya shiga sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Mu ma a waje muka fara

Bakano bai fara ganin fim a cikin ɗaki ba. A fili ya fara ganinsa, a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, lokacin da motar majigi ta gwamnatin Turawa ke yawo gari gari. Da la'asar motar ke isowa, a yi shela, bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a tayar da inji. Ba a biyan ko anini. Abin da ake nunawa wa'azin gwamnati ne: tsafta, rigakafi, biyan haraji, noman gyaɗa da auduga, sai labarin manyan baƙi da hawan daba. Mai bayani na tsaye da lasifika yana fassarawa da Hausa, sau da yawa ma shi ne ɗan wasan da ya fi kowa ba da dariya. Dattawa da yawa har yanzu suna tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi don koyar da noma, ya zama abin hira a ƙauye da birni. A majigi yara kan zauna a gaba, manya a baya, mata a gefe guda, kuma ba wanda ya ɗauki zuwan nan abin kunya, tunda da sanin sarki aka zo.

Silimar kuɗi daban take, kuma ta wata ƙofa ta shigo. A 1937 'yan kasuwa Kwarori suka buɗe Rex a wajen ganuwa, ta ɓangaren Sabon Gari. Ba ta da rufi, kuma akwai mashaya a jikinta. An raba darare, wasu na Turawa da Larabawa, wasu na baƙar fata. Tun daga ranar farko ke nan silima ta zauna a unguwar giya da gidajen rawa, ta kuma ɗauki sunan maƙwabtanta.

Sai babbar masifa ta 13 ga Mayu, 1951. Wuta ta tashi a gidan silima na El Duniya daga ɗakin na'ura, inda ake ajiye zaren fim irin na wancan zamani mai kamawa kamar fetur. Ta bi rufi ta mamaye zauren, mutane suka yi cincirindo a ƙofofi, 331 suka rasu daga cikin 'yan kallo wajen 600. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan zaren fim da yanayin ginin. Amma a cikin birni an yi wa abin wata fassara, cewa hukunci ne ya sauka a kan masu zuwa wurin saɓo. Wannan fassara ta fi rahoton gwamnati daɗewa a zukatan mutane.

Shekara guda bayan haka, a 1952, aka buɗe Palace a cikin birni, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ita ce ta farko da ta ƙetaro ganuwa, kuma malamai da matasa da yawa ba su yafe mata ba. Ta yi shekara talatin da 'yan kai ana tsine mata ana kuma cika ta. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo, wanda mulkinsa bai wuce wata uku ba, ya rufe ta ya mai da ita asibiti. Cikin 'yan abubuwan da aka fi tuna shi da su har da wannan, kuma yabo ake yi.

Duk da haka gidajen suka yi ta ƙaruwa: Plaza, Orion, Eldorado, Queens, Wapa, Marhaba. Yawancinsu sararin sama ne rufinsu.

Yadda daren yake

Tun da rana ake manna fosta a allon ƙofa, yara su taru suna nuna wane ne akta, wane ne bos. Bayan magariba 'yan talla su fara jeruwa a bakin titi da fitilun aci-balbal: mai rake, mai gyaɗa, mai tsire, mai shayi, mai sigari da goro. A gefe guda ga mai gadin kekuna, ya jera su ɗaruruwa kafaɗa da kafaɗa, ya ba kowa ɗan guntun kwali mai lamba. Layin tikiti ba layi ba ne, kokawa ce, wanda ya fi ƙarfi ya kai hannunsa taga.

Ciki kuwa fili ne mai katanga doguwa. Can gaba farin bango, daga ƙasansa bencina na masu ƙaramin kuɗi, waɗanda sai sun ɗaga kai sama suke kallo. Can baya kujeru masu ɗan tudu da 'yar rumfa, ga masu hali. Hasken na'ura ya fito ta wata 'yar taga ya ratsa hayaƙin taba da ƙwarin da ke shawagi. In zaren ya tsinke, ko mai na'ura ya yi jinkirin sauya faifai, sai fito da zagi su tashi har sai hoto ya dawo. Idan waƙa ta zo a fim ɗin Indiya, rabin wurin ya ɗauka tare da jaruma, ba tare da an san ma'anar kalma ɗaya ba. In hadari ya haɗo, na benci su ruga ƙarƙashin rumfa, wasu kuwa su cire riga su ci gaba da zama.

Kaboyi aka fara yayi, sai Canis masu faɗa da hannu, amma Indiya ce ta ci gari. Tun daga shekarun 1950 Kwarorin da ke rarraba finafinai suka gane tana kawo kuɗi, har ta kai yawancin dararen mako nata ne. Mother India, na 1957, an yi shekaru ana maimaita shi ana cika wuri. Ba abin mamaki ba ne. Auren dole, uwar miji, talaka da mai kuɗi, mace mai kunya da mayafi, duk abubuwa ne da ɗan Kano ya sani a gidansu. 'Yan kallo har sunaye suka raɗa wa jarumai, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Duba wannan wuri da kyau za ka ga ba abin da ya raba shi da silimar Hollingshead sai abu biyu. Can mota ake shiga da ita, nan keke ake ajiyewa a ƙofa. Can iyali ake zuwa da su, nan kuwa namiji ke zuwa shi kaɗai ko da abokansa.

Albashin Bompai

Su wane ne masu kekunan nan? Akwai 'yan kasuwa, da 'yan makaranta da suka tsallake katanga, da direbobi, da 'yan daba. Amma akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba idan ana tarihin silima, wato ma'aikatan kamfani.

Bompai ce unguwar masana'antu ta farko a Kano, ta fara cika tun wajen samun 'yancin kai. Sharaɗa da Challawa daga baya suka zo, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970. A waɗannan wurare ake matse man gyaɗa, ake jeme fata, ake saƙa yadi, ake yin kwanuka, alewa, turare, takalman roba da sabulu. A wancan lokaci kamfanin Raleigh ma a Bompai yake harhaɗa kekuna. Ma'aikatan kuwa suna kwana a Tudun Wada, Gwagwarwa, Birget, Dakata da Gama, da yawansu samari ne da suka baro ƙauye, wasu almajirai ne da suka sauke allo suka shiga aikin kamfani. Wani Ba'amurke mai bincike, Paul Lubeck, ya zauna da su a farkon shekarun 1970, ya rubuta littafi guda a kan rayuwarsu.

Aikin kamfani ya ba saurayi abubuwa biyu da gona ba ta ba shi ba. Na farko kuɗi a hannu a rana sananniya. Na biyu lokaci da aka yanka da agogo: jiniya ta yi kuka, an tashi, daga nan har gobe ba mai iko da shi, ba uba ba malami. Ga shi a ɗakin haya da mutum uku ko huɗu, ba iska ba fitila mai kyau. Ina zai je? A ganina wannan saurayi shi ne ginshiƙin bencinan gaba. Tikiti mai araha da ake saya kowane mako, shi ke riƙe gidan silima, ba mai kuɗin da ke leƙowa sau ɗaya a wata ba.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka gagara. Wutar lantarki ta zama sai an gani, yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari. Masaƙu suka fara rage ma'aikata, daga baya suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwar nairar nan ita ce kuma ta sa hayar sabon fim daga Indiya ko Amurka ta fi ƙarfin masu silima, sai maimaita tsofaffin faifai da suka kakkarce. Mai kallo ya rasa albashi a daidai lokacin da abin kallon ya lalace. Gidajen suka yi ta mutuwa, aka mai da wasu kantuna, wasu sito. Wapa yau in ka ambace ta, canjin dala mutum zai tuna.

Wadda aka bari a gida

Ko da masana'antun ba su mutu ba, akwai ramin da silimar Kano ta daɗe tana tafiya a bakinsa. Rabin mutanen gari ba sa shigarta. Matar aure ba ta zuwa, budurwar da ke son a aure ta ba ta zuwa. Macen da aka gani a ciki an gama yanke mata hukunci. Magidanci mai mutunci ma, ko yana so, sai ya saci jiki. Wannan ba sharri ba ne kawai na masu wa'azi, domin wuraren sun tara shaye-shaye da faɗan daba, kuma masu su ba su yi wani ƙoƙarin gyarawa ba tunda kuɗi na shigowa.

Amma matan nan suna son kallo kamar kowa. Da talabijin ta zo, suka ga wasannin kwaikwayo da finafinan Indiya a tsakar gida. Da bidiyo ta zo, sai abin ya zama nasu. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na kaset. Kafin shekara goma kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da dilolin kaset, fim ɗin Sangaya ya fito ya karaɗe ƙasar Hausa, mujallar Tauraruwa ta raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999. Yaro ake aika ya karɓo haya, a taru a ɗakin wadda ke da bidiyo, kishiyoyi da maƙwabta da 'ya'yansu. Kasuwar da gidajen silima suka yi shekara hamsin suna rufe wa ƙofa, ita ce ta ɗauki nauyin masana'antar fim gaba ɗaya.

Wannan shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Kano ba ta taɓa rasa son fim ba, ba ta kuma rasa sararin kallo ba. Wurin da mutum zai kai matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, su yi kallo cikin jama'a su dawo da mutuncinsu, shi ne ba a gina ba.

Inda ake kallo yanzu

Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ita ke ba da lasisin gidajen kallo. Sai hare-haren 20 ga Janairu, 2012, waɗanda hedikwatar 'yan sanda ta Bompai na cikin wuraren da suka shafa. Dokar hana fita, shingaye a tituna, da hana acaɓa a farkon 2013, suka koya wa mutane komawa gida da wuri. An ɗauki shekaru kafin dare ya dawo hannun jama'a.

A 2015 kamfanin Filmhouse ya buɗe silima ta zamani a rukunin kantunan Ado Bayero da ke titin gidan zu. Nan aka ga abin da ake cewa ba zai yiwu ba. Mata sun zo da mayafansu, magidanta sun zo da iyali, finafinan Hausa irin su Mansoor na Ali Nuhu, a 2017, sun cika kujeru. A lokacin wurin na da haske, da masu gadi, da tsari, shi ke nan abin da ake jira. Sai dai kuɗin tikitin mutum biyar da abin taɓawa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Shekara guda bayan buɗe ta, a 2016, aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji saboda adawar malamai, abin da ya nuna tsohon zargin nan bai mutu ba.

Ga talaka kuwa, gidan kallo na unguwa ya rage, rumfar kwano da bencina da janareta, inda ƙwallon Turai ta kori fim, kuma nan ma maza ne zalla. Sauran kallo ya koma Arewa24, da YouTube inda ake bin Izzar So da Labarina mako mako, da shagunan masu tura fim a waya. Ana kallo fiye da kowane zamani, amma kowa shi kaɗai, fuskarsa a kan tafin hannunsa.

Farfajiyar da ba kowa

Ka bi wasu titunan Bompai da yamma. Akwai kamfanonin da ke aiki har yanzu, ana jin ƙugin injinsu, manyan motoci na jiran lodi. Amma tsakaninsu za ka wuce ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci, sunan kamfani ya koɗe a jikin bango, maigadi na zaune a kan tabarma da rediyonsa da butarsa. Ka leƙa ta kafar ƙofar. Fili ne shimfiɗe da siminti, wanda aka yi don tireloli su juya, ciyawa ta faso ta tsagogi, ga dogon bangon sito ba taga ko ɗaya. Fenti fari kawai yake jira.

Abubuwan da suka wahalar da Amurkawa mu an sauƙaƙe mana su. Magariba a Kano ba ta wuce tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, saboda haka za a iya farawa bayan isha'i a tashi kafin dare ya yi nisa. Daga Oktoba zuwa Afrilu da wuya a ga ruwa. Unguwar masana'antu ba ta da maƙwabtan da za a hana barci kamar cikin gari. Sauti ta FM kuwa ba baƙon abu ba ne a garin da ko ƙaramar waya tana kama rediyo, sai dai a nemi izinin hukumar da ke kula da zangon watsa labarai.

Babban abin da mota ke kawowa shi ne sutura. Mota ɗaki ce da aka ɗauko daga gida aka kawo gaban allo. Matar da ba za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da baƙon namiji ba, za ta zauna a kujerar baya da 'ya'yanta da kular abincinta. Tsohuwa za ta zo. Mai shayarwa za ta zo.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne: duhu da mota a rufe na iya zama wata ƙofar ɓarna. A Amurka ma an yi wa wuraren wannan suna a shekarun 1950. Duk wanda zai yi wannan sana'a a Kano dole ya fara daga nan, tun kafin ya sayi na'ura. Fitilu a layuka, masu zagayawa, masallaci da banɗaki na maza da na mata, finafinan da hukuma ta tace, da zama da malaman unguwa da masu unguwanni tun ana shiri. Abin da ya faru da Palace da kuma Kofa ya isa darasi ga mai son ya yi gini a kan ƙin jama'a.

Damuwata ta fi ƙarfi a wani wajen. Mutum nawa ne ke da mota a Dakata? Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, masu motar ma da yawa sun jingine ta. Idan aka yi wuri don masu mota kaɗai, an sake yin Rex ke nan ta daren Turawa, a kan filin da iyayen 'yan Tudun Wada suka zubar da gumi. Dar es Salaam ta Tanzaniya ta buɗe irin wannan silima a 1966, a ƙasar da masu mota ba su da yawa. Mutane suka riƙa cika a-kori-kura da dangi da maƙwabta su shiga, waɗanda ba su da hali kuma su taru a bayan shinge suna hangen allo kyauta. Jama'a da kansu suka gyara tsarin da aka kwafo ba a auna ba. Mu ba sai mun jira an gyara mana ba. A bar layukan baya ga motoci, a bar na tsakiya ga adaidaita-sahu da iyali suka ɗauko shata, a shimfiɗa tabarmi a gaba, ɓangaren iyali daban na samari daban, kamar yadda ake zama a gaban majigi shekara saba'in da suka wuce. Tikitin tabarma kada ya fi kuɗin kwanon abinci a bakin kamfani.

Ba na cewa wannan zai maye gurbin injinan da suka yi shiru. Fata na shi ne masana'antun su farfaɗo, filayen su koma aikinsu na asali. Amma kafin nan fili na zaune, masu shirya fim na kukan satar fasaha ta hana su mai da kuɗinsu, kuma tikitin ƙofa shi ne kuɗin da ɓarawon fim ba ya iya kwafa. Mai rake da mai shayi da mai gadin babura su ma za su samu na cefane.

Saura tambayar abin da za a haska a bangon. Finafinan Hausa na nan, amma duk wanda ya shiga shagon masu tura fim ya san akwai abokin takara mai ƙarfi, wato jarumin Indiya da ke buɗe baki Hausar Kano ta fito. Babi na gaba zai shiga ɗakunan da ake wannan fassara, irin na Algaita, mu ga yadda mutum ɗaya ke yin muryar akta da bos da uwar jaruma, da kuma dalilin da ya sa 'yan Kannywood da yawa ke ganin aikin a matsayin barazana ga abincinsu.